Yadda Kocin Besbol Zai Sha Kashi Ba Tare da An Kore Shi Ba

Idan kai kocin besbol ne, kuma ƙungiyarka ta mayar da shan kashi abincin yau da gobe, kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan, ni Ebihara na yi maka alkawari ba mai korar ka. Na daɗe ina mataimakin koci a ƙungiyar Tarwaɗa, a garinmu na bakin teku can arewacin Japan, kuma duk abin da zan faɗa maka na gwada shi a kan maigidana, Koci Nagamine. Bara, tun kafin a fara gasa, Madam Iwabuchi, mai kamfanin kifin gwangwani kuma mai ƙungiyar, ta ce masa idan muka sake zama na ƙarshe ya nemi wata sana'ar. Mutumin ya doshi sittin, ba abin da ya iya a duniya sai besbol. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya riƙe shawarata hannu bibbiyu.

Mataki na 1: Kada bakinka ya furta "an ci mu"

Bayan an lallasa ku, 'yan jarida za su tare ka a bakin benci. Harɗe hannuwa, ka zuba wa sararin sama ido, ka ja dogon numfashi. Sannan ka ce, "Yau mun koyi darasi." Gobe ka ce iskar teku ce ta juya. Jibi ka ce an manta ba a zuba gishiri a ƙofar benci don korar rashin sa'a ba. Iska da gishiri ba sa kiran taron manema labarai su ƙaryata ka.

Mataki na 2: Yabi wanda bai tsinana komai ba

Muna da wani mai bugu da ya yi wata guda sandarsa ba ta taɓa ƙwallo ba. Na koya wa Nagamine ya riƙa cewa, "Yaron yana ganin ƙwallo da kyau." Ba ƙarya a ciki, yana ganin ta tana wuce shi. Wanda kuma ya yi abin kirki, ka ce da sauransa, kada kansa ya kumbura ya fara tunanin manyan ƙungiyoyin Tokyo.

Mataki na 3: A ƙungiyarka ba a jin rauni

Ɗan wasa ba ya karyewa, jikinsa ne kawai ke ɗan yin tsami. Lokacin da gwiwar hannun Tokunaga, gwanin jifanmu, ta kumbura kamar dankali, wata 'yar jarida mai naci, Sawai, ta tare mu.

"Koci, ina Tokunaga?"

"Lafiyarsa ƙalau. Muna ɗan lallaɓa shi ne."

"Ai jiya na gan shi a shagon taliya, da hannun hagu yake ci, rabi a baki rabi a riga."

Nagamine ya yi tsuru-tsuru, ya waiwayo ni. Na raɗa masa amsa.

"Horo ne," in ji shi. "So muke ya iya hannu biyu."

"Da romo a ƙirji?"

"Yarinya, ba ki san besbol ba."

Riƙe wannan jimlar da kyau. Ko'ina ka maƙale za ta fitar da kai.

Mataki na 4: Tattala rusunawa

Idan kun jera a gaban magoya baya don ba da haƙuri, kada ka zube gaba ɗaya tun ranar farko. Fara da ɗan sunkuyar da kai. Mako mai zuwa ka sa kafaɗa. Ka bar ninke ƙugu sai ranar da tsofaffin masunta suka fara ihu daga kan kujeru, "Kai Nagamine, zo mu ba ka koma, ko kifi ka kama mana!" Ranar ka ninku sosai, ka daɗe a haka. Wanda kansa ke ƙasa ba ya ganin masu zaginsa.

Mataki na 5: Aske kai

Wannan shi ne babban makami. A wurinmu idan namiji ya yi ƙwal-kwabo bayan ya yi abin kunya, kowa ya san nadamarsa ta kai maƙura, ba mai ƙara masa magana. Nagamine yana da suma fara sol wadda yake ji da ita. Tun tsakiyar bazara na ce masa lokaci ya yi.

"Ebihara, ba mu yi gaggawa ba kuwa? Gasa ko rabi ba ta kai ba."

"Maigida, nadamar da ta makara ba ta da daɗi."

Ya aske. Jaridar gari ta buga hotonsa, mata masu sayar da shinkafar kwali a filin wasa har da hawaye. Mun samu lafiya ta mako biyu. Daga nan muka ci gaba da shan kashi, gashi kuma ya ci gaba da tsirowa.

Mataki na 6: Cire hula a gaban mai ƙungiya

Da muka tabbata na ƙarshe, Madam Iwabuchi ta kira mu ofis. Muka cire huluna muka rusuna. Ta dubi kan Nagamine, farin gashi ya tsiro cako-cako kamar tsohon burushi.

"Koci, na ga nadamar taka ta warke."

Ya kai hannu ya shafa kansa. Na ji tausayinsa, har zuciyata. Sai ta juyo kaina. Ita ba ta taɓa gani na ba hula ba, ni kuma sanƙo ya gama da ni tun ina saurayi. Hasken fitila ya sauka a kaina yana ƙyalli.

"Kai kuma fa? Ko sili ɗaya ba ka bari ba?"

"Ranki ya daɗe, kullum haka nake kwana, haka nake tashi."

Ta ɗauko hankici ta share ido. "Ashe akwai mai kunya a ƙungiyar nan."

Washegari aka fitar da sanarwa cewa Koci Nagamine ya tafi hutu saboda lafiyarsa, kamar yadda ake yi wa kowane koci mai mutunci a ƙasar nan. Ka duba sanarwar sama da ƙasa, babu kalmar kora. Alkawarina ya cika. Yanzu yana can gida yana ba furanni ruwa, ba ya ɗaukar wayata. Ni ne na gaji kujerarsa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana hutun da bai nema ba, ko matarsa ta ƙi fita da shi saboda kansa, ba ruwan Ebihara, ba ruwan ƙungiyar Tarwaɗa. Kada kowa ya turo mini ƙorafi, ina da nawa. Tunda aka fara gasar bana ba mu ci wasa ko ɗaya ba, na riga na ninke ƙugu har ya fara ciwo, kuma ba ni da abin askewa. Jiya Madam ta zo filin wasa, girata kawai take ta kallo.