Taken Kakan Alhaji Labaran

Duk wanda ya taɓa zama a Tsamiyar Dogo ya san Saje Tanimu, in bai san fuskarsa ba to ya san ƙararsa. Tun yana saurayi ya bar garin ya shiga 'yan badujalar 'yan sanda, bai dawo ba sai da furfura da wani tsohon akwati shaƙe da begila da ƙahoni. Maimakon ya nemi gona kamar sauran tsofaffin ma'aikata, sai ya bi gari yana farautar magidanta. Ya kamo tela, ya kamo mai faci, ya haɗa da mai shayin bakin tasha da wasu malaman firamare, ya ce sai ya mai da su 'yan badujala. Kuma ya mayar da su ɗin, ko da yake maƙwabta sun ji a jikinsu.

Abin da Saje yake tinƙaho da shi a duniya shi ne rubutun kiɗa. Zai ja layi biyar a takarda, ya zuba wasu ɗige-ɗige masu wutsiya waɗanda matarsa take kira kashin ɓera, ya ce maka waƙa ce sukutum a kwance. Duk abin da kunnensa ya ji, hannunsa zai rubuta. An ce ya taɓa rubuta kukan jakin maƙwabcinsa, ya ba mai faci ya busa, jakin ya amsa daga bayan katanga. Sai dai yana da wata ɗabi'a: in zai yi rubutu sai ya lulluɓe kansa da tawul har takardar, ya bar 'yar kafar da haske zai shiga. A cewarsa ido munafuki ne, yana ruɗa kunne.

Matsalar 'yan badujalar nan ɗaya ce, wurin gwaji. An kore su daga makaranta, an kore su daga bayan kasuwa, matar Saje ma da kanta ta kore su daga tsakar gida bayan kajinta sun daina ƙwai. Suna cikin wannan gararamba Alhaji Labaran Mai Tirela ya tausaya, ya ba su aron tsohon garejinsa na bakin gari. Nan suke busa, nan suke ajiye kaya. Saje ya san in garejin nan ya kuɓuce, badujala ta mutu, shi kuma sai zaman dara a gindin bishiya, abin da ya fi tsana a rayuwarsa. Saboda haka ko atishawa Alhaji ya yi, Saje sai ya ƙame ya sara.

Ana nan, sai Alhaji ya tashi aurar da ɗansa Hafizu, ya aika a kira Saje.

"Saje, wannan kiɗan fareti naku ya ishe ni," in ji Alhaji. "Ranar bikin nan taken kakana nake so, Madugu Labbo, wanda ya kai fatake har Gwanja. So nake ku busa shi da ƙahonin nan naku, garin nan kaf ya san jikan wa ke biki."

"An gama, ranka ya daɗe. Wa ya iya shi?"

"Baba Tunau mai kalangu kaɗai ya rage. Ka je ka kwaso shi daga hannunsa. Amma ka ji ni da kyau, in kuka ba ni kunya, ku nemi wani garejin."

Saje ya sara har sai da hularsa ta karkace. Washegari da hantsi ya saɓa tawul, ya soke fensir a kunne, ya nufi gidan Baba Tunau. Ya tarar da tsohon a ƙofar gida, a kan hanyar da ta nufi kasuwa, yana shan iska da kalangunsa a gefe. Bayan gaisuwa Saje ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan ya kafa doka irin ta bariki.

"Baba, in ka fara kada ka tsaya, kada ka yi mini magana, ko da sama za ta faɗo. Sai na ɗaga hannu."

"To, ɗana," in ji Baba Tunau, wanda dama surutu bai dame shi ba.

Saje ya zauna a kan turmi, ya shige tawul. Baba Tunau ya matse kalangu a hammata ya ɗauko taken Madugu Labbo, mai nauyi, mai tafiyar ƙasaita. Fensir ya hau gudu. Saje yana can ciki yana gyaɗa kai, daɗi kamar ya kashe shi.

To, abin da bariki ba ta koya wa Saje ba shi ne, makaɗin gargajiya ba ya ganin mai take ya wuce ya ƙyale shi. Ba a yi nisa ba sai ga Sarkin Fawa ya ɓullo za shi kasuwa. Hannun Baba Tunau bai ma yi shawara da shi ba, ya zame ya faɗa taken mahauta. Sarkin Fawa ya ɗaga hannu ya jinjina, ya wuce, kalangu ya koma kan Madugu. Saje a cikin tawul ya ce a ransa, kai, wannan juyi da kyau yake, ya rubuta. Can sai ga wanzamin unguwa da zabirarsa, shi ma aka taɓa masa nasa. Saje ya rubuta.

Daga nan sai ga babban baƙo, Alhaji Gambo Na'Allah. Shi ma mai manyan motoci ne da garejinsa, kuma tun rigimar shugabancin ƙungiyar masu motoci shi da Alhaji Labaran ko ga maciji ba sa yi. In ɗaya ya shiga sahun gaba a masallaci, ɗayan sai ya koma na baya. Na'Allah mutum ne mai son takensa kamar ransa. Da ya ji an ɗauko shi sai ya ja ya tsaya, ya gyara babbar riga, ya lumshe ido yana rausaya. Baba Tunau ya ga kasuwa ta buɗe, ya saki hannu, ya yi ta jujjuya taken yana yi masa ado. Na'Allah ya dubi tulin tawul ɗin da ke kan turmi, ya ɗauka wani mai mura ne yake surace, ya ajiye wa tsohon goro ya yi gaba. A lokacin Saje ya cika shafi biyu, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Da ya ɗaga hannu ya fito, idonsa har da ƙwalla.

"Baba, ashe haka taken nan yake da rassa? Wannan na ƙarshen ai ya fi ko'ina daɗi!"

"Ai gari da mutane, ɗana," in ji Baba Tunau yana ɓare goronsa.

Saje ya ɗauka wani zurfin zance ne irin na tsofaffi, ya gyaɗa kai cikin girmamawa, ya naɗe takardunsa ya tafi.

A gareji ya raba wa kowa nasa kason. Don kada gari ya ji kafin ranar, ya sa aka rufe ƙofa, aka cusa tsofaffin safa a bakin kowace begila. Haka suka yi ta gwaji da wata siririyar murya, suna zufa, suna shaƙar warin safa. Da suka zo shafukan nan biyu sai tela ya sauke ƙahonsa.

"Saje, wurin nan fa kamar na san shi. Kamar na taɓa jinsa a wani gida."

"Ka san shi a ina? Kai da ka san Madugu Labbo? Busa abin da ke takarda, malam!"

Tela ya haɗiye maganarsa ya ci gaba da busa.

Ranar biki, bayan la'asar, aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Alhaji Labaran, jama'a ta cika maƙil. Ga Alhaji a kujerar tsakiya cikin shadda mai maiƙo, ga ango a gefensa. Sai ga Saje ya shigo da rundunarsa cikin jajayen riguna da telan ya ɗinka da ƙyallen labule, takalma na ƙyalli, an cire safa daga begila. Ya ƙame, ya ɗaga sanda, ya sauke.

Wallahi abin ya yi kyau. Taken Madugu ya tashi da ƙarfin da bai taɓa samu ba tun da aka ƙirƙire shi. Tsofaffin gidan suka fashe da kuka, mata suka rangaɗa guɗa, Alhaji ya miƙe tsaye ya dunƙule hannu ya ɗaga sama, ƙirjinsa ya yi fam. Saje ya saci kallonsa, ya ji a ransa garejin nan ya zama nasu har jikoki.

Sai kiɗa ya juya. Sarkin Fawa, wanda ke bayan rumfa yana kula da tukubar tsire, ya ji abin da ba ya iya jurewa. Ya yi kururuwa ya faɗo fili da wuƙa a sama, yaransa na biye da shi, suka bar nama a wuta. Kafin Alhaji ya gama juyowa, wanzami ya tsallake benci ya shigo yana juyi da zabira. Jama'a suka ɗauka tsari ne, suka hau tafi. Alhaji ya sauke hannunsa a hankali, ya dubi Saje. Saje kuwa ya ga fili ya kama wuta, ya ƙara wa sanda ƙarfi, har yana ɗan tsalle.

Nan aka iso shafuka biyun nan. Ƙahoni suka buɗe wuya suka kwarara taken Alhaji Gambo Na'Allah, da duk adon da Baba Tunau ya yi masa, ba a bar ko ɗigo ba. Tsofaffin da ke kuka suka tsaya cak. Tela ya zaro ido, yanzu ya tuna gidan da ya taɓa jin abin, amma bakinsa na cikin ƙaho, kuma doka ta ce a busa abin da ke takarda.

Na'Allah yana can ƙofar gidansa, ba a gayyace shi ba, ya ma juya kujerarsa baya don kada a ce yana leƙe. Sai ya ji takensa yana tsaga gari daga ƙofar gidan abokin gabarsa. Ya kasa kunne, ya tabbatar. Ya ce, "Allahu akbar! Labaran ya sauko. Da badujala guda yake ba ni haƙuri!" Ya zura babbar riga, ya kafa hula, ya taho da rawa tun daga kan kwana, yara na binsa.

Jama'a suka dare masa. Ya ratsa fili yana rausaya, ya je ya rungume Alhaji Labaran ya ɗaga shi sama, yana faɗi da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Na yafe maka, ɗan'uwana! Na yafe maka duniya da lahira!" Liman ya miƙe ya sa albarka, ya ce yau Alhaji Labaran ya nuna shi ne babba, tunda ya ƙasƙantar da kansa. Masu waya suka yi ta ɗaukar hoto. Alhaji Labaran ya yaƙe haƙora, irin dariyar da ta fi kuka ciwo, yana shan runguma, ta saman kafaɗar Na'Allah kuwa idonsa na kan Saje. Na'Allah ya zauna a kujerar ango, ya ci kaji, ya nemi a maimaita. Aka maimaita.

Sai da taro ya fara watsewa tela ya samu ya raɗa wa Saje abin da suka busa. Kafin Saje ya motsa sai Alhaji ya damƙo hannunsa ya ja shi bayan wata tirela.

"Saje! Wa na ce ka rubuto mini?"

"Madugu Labbo, ranka ya daɗe."

"To uban wa ya gayyato mahauta da wanzamai? Wa ya ce ka kira mini wancan mutumin?"

"Ranka ya daɗe, abin da ya fito daga kalangu shi na rubuta. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Ba ka rage ba! Kakana da ya je Gwanja a ƙafa ka ba shi 'yan layuka, Na'Allah da ko Funtuwa sai an tuƙa shi ka ba shi shafi biyu! Yau a gaban duniya an yafe mini laifin da ban yi ba! Gobe kafin azahar ku kwashe tarkacenku daga garejina. In ga wanda zai karɓe ku a garin nan!"

Saje ya dubi Alhaji, ya leƙa ta ƙarƙashin tirela ya hango Na'Allah ya kama hanyar gida yana ta ɗaga wa 'yan badujala hannu. Sai ya gyara hula, ya ƙame, ya sara.

"Za mu kwashe, ranka ya daɗe. Dama gareji biyu ne a garin nan, kuma kai shaida ne mun iya taken mai ɗayan."