Dakta Nafi'u da Kabar Baba Ɗan'azumi

"Ni fa idan na ɗauki hutu, asibitin nan tsayawa yake yi cak. Yanzu haka da nake zaune da ku, akwai mutanen da suka rantse ba mai taɓa cikinsu sai na dawo."

Wannan maganar Dakta Nafi'u ce, ɗan maƙwabcina Malam Sabi'u tela, ranar da ya zo gida hutu ya same mu a kan benci ƙofar shagon Lawwali mai aski. Bara ya gama karatun likita. Bana yana shekarar nan ta koyon aiki da ake sa su yi a babban asibitin birni, kafin a sake su su tsaya da ƙafarsu. Yaron da nake aika ya sayo mini goro ya dawo da rabi, shi ne yau yake kallonmu ta saman tabarau. Hutu ya zo, amma farar rigar likita ba ta sauka daga jikinsa ba, ga rana kamar ta dafa ƙwai. Abin awon ƙirji kuwa yana rataye a wuya har masallaci. Idan ya yi sujada sai ka ji ƙwas, ƙarfen ya bugi siminti.

Jim kaɗan sai ya zaro waya ya kara a kunne, ya ɗaure fuska irin ta likitocin finafinan Turawa da yake kwana kallo: "Ku ƙara masa ruwa. Kada kowa ya yanka komai sai na zo." Wayar da ba mu taɓa jin ta yi ƙara ba.

To, a cikinmu akwai Baba Ɗan'azumi, tsohon direban babbar mota. Mutumin nan ya bi dajin da ɓarayi ke tare hanya bai ji ɗar ba, amma idan aka ce masa tiyata, sai gumi ya karyo masa. Kaba ce ta dame shi shekara da shekaru. Ya sha saiwa, ya sha rubutu, ya ɗaura ɗamara, abu sai gaba yake yi, har ta kai ba ya iya ɗaukar buta cike da ruwa sai ya dafe mara. Matarsa Gwaggo Ladi ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushi, ya ce shi ba zai kwanta wani baƙon da bai san gidansu ba ya tsaya a kansa da wuƙa.

Da Baba ya ji cika bakin Nafi'u sai ya matso.

"Likita, kabar ma kana yi?"

Nafi'u ya yi wata 'yar dariya. "Haba Baba. Kaba? Ai wannan kafin shayina ya huce na gama. Da hannun hagu ma nake yin ta idan dama ta gaji."

"Kai ɗin da kanka?"

"Ni ɗin da kaina. Manyan ma idan abu ya cije musu ni suke leƙowa, su ce Nafi'u zo ka duba mana."

Baba ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "To shi ke nan. Kai namu ne, a gabana aka raɗa maka suna. Ranar da hutunka ya ƙare, ƙafata ƙafarka. Na ba ka cikin nan, ka yi yadda ka ga dama da shi."

Maganar ta zaga unguwa kafin magariba. Gwaggo Ladi har da aika wa mahaifiyar Nafi'u kwanon dambu, wai ɗanta ya yi abin da ya gagari kowa.

Da Nafi'u ya tsaya nan, da ya koma birni da mutuncinsa. Amma ina! Washegari ya ƙara da cewa ai har 'yan gidan talabijin sun zo asibitinsu sun ɗauki shiri guda, kuma a ɗakin tiyata aka ɗauka, shi yana tsakiya.

Na ce, "Kai madalla! Yaushe za a nuna?"

Ya ce, "Kash, Kawu, kun makara. An riga an nuna. Ni kaina ban samu na gani ba, ina bakin aiki."

Lawwali, wanda talabijin ɗin shagonsa ba ta mutuwa daga safe har dare, ya tsayar da aski, ya leƙo da injin a hannu. "Shirin lafiya na tashar jiha? Ai wannan maimaita shi suke yi ranar Asabar bayan la'asar. Wani shirin sai sun nuna shi har ka haddace."

Na ga Nafi'u ya cire tabarau ya hau goge shi da bakin riga. Ni kuwa kun san ni da son taimakon jama'a. Ban bar gida ko ɗaya ba. Na gaya wa masu kanti, na gaya wa 'yan acaba, na tsaya ƙofar masallaci bayan azahar na ce duk mai kishin unguwar nan ya fito ranar Asabar ya ga ɗanmu yana farke ciki a talabijin.

Ranar Asabar muka fito da talabijin waje, muka ɗora a kan tebur, Lawwali ya jona ta da batirin sola. Aka shimfiɗa tabarmi. Mata suka cika zauren gidan da ke kallon shagon. Malam Sabi'u tela ya zo da sabuwar hula, yana amsa barka tun kafin a fara. Kujerar aski kuwa, mai juyawar nan, ita muka fito wa da Likita, muka ajiye a gaba, Baba Ɗan'azumi a gefensa.

Nafi'u ya ja hannuna ya yi ƙasa da murya. "Kawu, duka shirin suke maimaitawa, ko taƙaitawa suke yi?"

Na ce, "Duka, ɗana. Kada ka damu, ko tarinka ba za su yanke ba."

Aka fara. Mai gabatarwa ya ce yau za a nuna wa jama'a yadda ake aikin kaba, don masu tsoro su daina tsoro. Baba ya gyara zama. Sai ga ɗakin tiyata, fitila fau, mara lafiya a lulluɓe, mutane sun kewaye shi. Kowa da koren kaya, kowa da hula, kowa da takunkumi, ido kawai kake gani. Da Nafi'u ya ga haka sai na ga ransa ya dawo. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Baba ya ce, "Likita, wanne ne kai a ciki?"

"Ga ni nan. Mai riƙe da wuƙar."

Wuri ya ɗauki kabbara. Wata a zaure ta rangaɗa guɗa. Malam Sabi'u ya gyara hula.

Guɗar ba ta gama sauka ba mai gabatarwa ya ce, "Wadda kuke gani da wuƙa a hannu ita ce shugabar sashen tiyata, Dakta Hajara."

Lawwali ya ce, "Likita, a birni Hajara ake ce maka?"

"Hoton ne ba ya fita sosai. Na gefenta nake nufi. Wancan dogon."

Mai gabatarwa, kamar yana jin mu, ya ce, "Mai taimaka mata kuma shi ne Dakta Bitrus."

Na ce, "Allah sarki. To ko kai ne mai miƙa almakashin?"

"Yauwa Kawu! Ni ne. Ai mai miƙa kayan shi ne ke tafiyar da aikin gaba ɗaya, sauran duk—"

Mai miƙa almakashi ta juyo, ga ciki nan ya turo riga, haihuwa yau ko gobe.

Baba ya juya ya dubi cikin Nafi'u, ya sake duban talabijin.

Saura mutum ɗaya. Can ƙarshen gadon, wani siriri yana tsaye da 'yar tasa a hannu, ba ya taɓa kowa, ba mai taɓa shi. Dakta Hajara ta ce bismillah, ta ja wuƙa. Jinin da ya fito bai kai na kaza ba. Sai muka ga mai tasa ya fara lilo, ya yi gaba, ya yi baya, kamar wanda ke jin wani kiɗa shi kaɗai. Sai ya ɓace daga hoton. Sai ƙara: tim! Tasa ta biyo baya tana ƙwalanƙwalan a ƙasa.

Mai ɗaukar hoton nan, Allah ya saka masa, bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya juya kyamara. Ga mutum shame-shame, wata nas ta ɗaga ƙafafunsa sama, wata tana yi masa fifita da kwali. Aka zare takunkumin don ya sha iska. Fuskar Dakta Nafi'u ta cika talabijin ɗin Lawwali daga wannan gefe zuwa wancan, baki a buɗe, tabarau a karkace.

Dakta Hajara ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana ci gaba da aikinta tana cewa, "Masu kallo kada ku damu, sababbin likitocinmu da yawa haka suke farawa. Wannan ma ya samu ci gaba. Yau ya jure har aka yanka fata. Makon jiya tun a wurin wanke hannu muka rasa shi."

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ɗan acaba ya faɗo daga kan babur ɗinsa. Matan zaure suka rirriƙe juna. Malam Sabi'u ya sunkuya yana laluben takalmansa, alhali suna ƙafarsa.

Nafi'u ya miƙe, kujerar aski ta juya da shi, ya dafe tebur. "Ku saurara! Ku ba ku san aikin asibiti ba. Ranar ban karya ba, tun safe nake zirga-zirgar kai jini ɗakin gwaji!"

Lawwali ya ce, "Makon jiyan fa?"

"Shi ma ban karya ba!"

Dariya ta ƙara tashi. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Baba Ɗan'azumi. Yana zaune, hannu dafe da mara, ido a kan talabijin, inda mai kabar ya farfaɗo har yana ɗaga wa kyamara hannu, Likita kuwa har yanzu ana yayyafa masa ruwa.

Nafi'u ya durƙusa gabansa. "Baba, kada ka biye wa mutanen nan. Maganarmu tana nan, ko? Jibi za mu tafi?"

Baba ya numfasa, ya dafa kafaɗarsa.

"Tana nan, ɗana, ban fasa ba. Sai dai ka gaya wa mahaifiyarka ita ma ta ɗauko tabarmarta da fulas ɗin kunu. Ladi ta tsufa, ba za ta iya jinyar mutum biyu ba."