Yadda Za Ka Zaɓa wa Yayarka Linux Har Ta Daina Amsa Gaisuwarka

Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kwana uku sun isa. Ni na gwada a kan Yayata, malamar firamare, da tsohuwar kwamfutarta mai tafiyar hawainiya.

1. Kada ka saurare ta

Za ta ce, "Ni dai in buga tambayoyin jarrabawa kafin Litinin." Yi murmushin tausayi. Faɗa mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ce, kuma iri-iri ce kamar atamfa a kanti.

2. Jero mata guda goma sha bakwai

Da tarihin kowacce, da wadda ta haifi wata, da waɗanda suka yi faɗa suka raba gari. In ta ce, "To wacce ce mai sauƙi?" amsa mata, "Ya danganta." Wannan kalmar rabin digiri ce.

3. Zaɓi wadda kai ma ba ka iya ba

Akwai masu sauƙi, danna nan danna can. Guje su. Ina girmanka in ta gane da kanta? Ɗauko mai baƙin allo, wadda ko agogo sai an rubuta mata umarni.

4. Ajiye kwafi aikin matsorata ne

Da allon ya tambaya ko a share komai, na danna ina hamma. Yaya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Tambayoyina suna nan dai ko?"

"Suna cikin tsaro," na ce. Gaskiya na faɗa, ko ɓarawo ba zai same su ba.

5. Ɗora wa firinta laifi

Firintar za ta ƙi aiki ranar Lahadi. Ka ce masu ƙera ta ne ba sa son 'yanci.

"'Yancin me?" in ji Yaya. "Yara arba'in ke jirana gobe, ɗan nema!"

6. Ɓace

Da alli ta rubuta jarrabawar a bango, darasi huɗu, har kafaɗarta ta sage. Ran Talata wata abokiyar aikinta ta saka mata Linux mai sauƙin kafin a tashi hutun tara. Ka ce ai kai ka share fage.

A kula: babu ruwan marubuci da fayil ɗin da ya salwanta ko zumuncin da ya tsinke. In an kai ƙararka gaban Inna, kada ka neme ni shaida. Ni ma nawa zaman gobe ne.