Farfesa Laka da Tsokar da Ba Ta Kira Shi Ba

Duk Arlit babu masani kamar Mushe Harisu, wato Malam Harisu a Faransance, mai wayar da kan ma'aikata kan kiwon lafiya a kamfaninmu na haƙar ma'adinai. Da bakinsa ya faɗa, kuma wa zai musa wa mutumin da ya taɓa zuwa taron likitoci a Yamai?

Abu guda ya ɗauko a taron, sauran lokacin barci ya yi. Wai ɗan tayi yakan yi ƙwayoyin jijiya masu motsa jiki fiye da bukata. Kowacce ta miƙa daga lakar ƙashin baya tana neman tsoka. Wadda ta samu, tsokar ta ciyar da ita. Wadda ba ta samu ba, ta mutu da kanta. Tun daga nan muke kiransa Farfesa Laka. Ya ɗauka girmamawa ce.

Ya yi wa direbobi wannan karatu, ya yi wa masu gadi, har mai shayin bakin ƙofa bai tsira ba. Da Ismaghil shugaban garaji ya roƙe shi ya duba masu tarin ƙura, ya ce, "Ni ba yaron masu gyaran mota ba ne." Da Madam Lydia ta ɗakin magani ta nemi ya kama mata aiki ranar rigakafi, ya ce ilimi ba ya riƙe auduga.

Sai aiki ya ja baya, aka ce za a rage ma'aikata. Wanda aka rage kuwa, ya rabu da gidan kamfani, da ruwan famfo, da na'urar sanyaya ɗaki. Kowa ya yi tsuru-tsuru, ban da Farfesa. Ya miƙe a taro, ya gyara tabarau. Na rubuta jawabinsa yadda ya faɗa:

"Mushe Darakta, kada ka kori kowa! Ka bi tsarin halitta. Kowane shugaban sashe tsoka ne. Ya kira waɗanda yake bukata. Wanda ba a kira ba, ya san hanya."

Darakta ya ce madalla.

Ismaghil ya kira nasa. Madam Lydia ta kira nata, har da mai shara. Shugaban masu gadi ya kira nasa. Farfesa na ta gyaɗa kai yana cewa, "Kimiyya ke nan!" Aka gama, ba wanda ya kira shi.

"To, ni fa?"

"Wace tsoka ce taka, Mushe Harisu?" in ji Darakta.

Ya dubi Ismaghil. Ismaghil ya shiga gyara rawani. Ya juya wajen Madam Lydia.

"Haba Madam, 'yar'uwata…"

"Kwantar da hankalinka, Farfesa," ta ce. "Ba wanda ya kore ka. Ai waɗanda ba a kira ba da kansu suke tafiya."