Ranar da na kama ɓarawon goro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bokona na aji huɗu ya kusa raba ni da aminina na shekara arba'in.

Ɗiyata Hauwa, malamar makaranta, ita ta jawo (Allah shi yi mata albarka, alheri ta nufa). Ta ga an yi rangwamen tsofaffin littattafan Turawa a intanet, irin na masu binciken kisan kai, ta sayo tuli ta zuba mini a waya. Nakan ɗora tabarau, in gane kalma ɗaya, in tsallake biyu. Abin da na kwaso dai shi ne: mai bincike yakan tara kowa ɗaki guda, ya yi gyaran murya, ya nuna mutum da yatsa.

Sai ga ɗaurin auren ɗiyar ƙanena a gidanmu na Bagudo. Dangin ango sun ƙetaro daga ƙasar Benin, liman ya zauna, aka nemi goron da suka aiko tun jiya, babu shi. Na miƙe na ce kada kowa ya motsa. Na zagaya zaure, hannuwa a baya, ina leƙen bakunan mutane. Na aminin nawa, Ummaru, ja wur.

"Ummaru, ina ka kwana jiya?"

"Gidana mana, tsohon banza. Ina kake so in kwana?"

"Jama'a," na ce, "ku dubi haƙoransa!"

Garinmu garin shari'a ne, ka kira mutum ɓarawo gaban baƙi ba shaida, ba wasa ba ne. Can sai muryar mai ɗakina daga bayan ƙyaure:

"Malam, goron da ka ce in lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu bayan randa, a fito da shi, ko sai ka gama binciken?"

Ni aka ba ajiya. Ni ɗin nan. Gumi ya jiƙa mini hula har ƙeya.

Ummaru ya dube ni, ya fashe da dariya, ya kama hannuna, ya gaya wa baƙin da yarensu na Dendanci wai wasan da muka saba ke nan kowane biki. Suka yi ta tafi. Ya raɗa mini: "Da na kai ka gaban alƙali, amma ba a shari'a da mai taɓin hankali."

Har yau ina karatuna, sai dai na gane abu ɗaya: mai binciken littafi yana da marubuci a bayansa mai hana shi jin kunya. Ni Ummaru kaɗai gare ni.