Ranar da Na Ƙaryata Waya

Lokacin da ofishin gwamnati mai kula da tsofaffi a gidajensu ya ce sai mun danna waya a ƙofar majiyyaci kafin a rubuta mun zo aiki, ni na fi kowa ɗaga murya. Ni da na girma a garin nan na Nakkasa, wai waya ce za ta shaida na isa gidan mutane?

Aka tura ni wurin wata Hajiya mai ciwon ƙafa da ban taɓa gani ba, gida mai koriyar ƙofa a kan tudu. Na tsaya na danna. Wayar ta ce ban iso ba. Na sake, ta maimaita. Na ce, "Ƙarya kike!" Na jefa ta jaka, na yi sallama.

Na tarar da tsohuwa a kan tabarma. Na matsa mata ƙafafu, na yanke mata farce, na dama mata kunu. Ita kuwa sai cewa take, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ɗan ƙara matsa nan."

Muna cikin haka shugabar ofishinmu ta kira a fusace: Hajiyar da aka tura ni wurinta tana gidan gaba, shi ma mai koriyar ƙofa, tun safe ba ta sha magani ba.

Na juya wurin tsohuwar na ce, "Iya, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Wa ke korar arziki?"

Har gobe ba zan ba wayar nan haƙuri ba, laifin mai fentin da ya yi wa ƙofofin biyu launi ɗaya ne. Amma duk sanda na zo wucewa, sai tsohuwar ta leƙo: "'Yar nan, yau ba za ki ɓata ba?"