Lambar Wanda Za a Kira

"Lafiya lau, amarya. Ya kwanan gidan miji?"

"Da tarin miji aka kwana. In ba za ka sha magani ba, ka ba ni takardata in tafi gidanmu."

"Gidan naku ai nawa ne. Ki fita ta ƙofar nan, ki zagayo ki shigo ta ita."

Haka na ji sun fara, ranar Talata da hantsi. Ina bakin ɗaki ina tsintar wake, Baba yana kan buzunsa a inuwar katanga, Ummu Salma ta durƙusa gabansa da wata takarda a naɗe a hannu. Baba shi ne mahaifin maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama. Mutanen unguwa Malam Gide suke ce mashi. Ummu Salma kuwa ɗiyata ce ta uku, tun tana goye yake kiranta matarsa, ita kuma tun da ta iya magana ba ta taɓa barin tasa ta faɗi ƙasa ba. Ni ba na sa baki a gaban suruki. Kunne dai ba a hana ni ba.

Ga abin da ya kawo takardar. Malama Halimatu Sa'adiya, wadda ta koyar da ita a sakandare, ta zo neman waɗanda suka gama makaranta su yi aikin sa kai a wata gasa da za a yi a Katsina, kwana uku. Ɗalibai ne daga nan Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, da wasu garuruwa, kowace makaranta ta haɗa wata 'yar na'ura mai taya da hannu ɗaya. Mutum-mutumi suke ce mata, ko da yake a hoton da na gani ba ta yi kama da mutum ba. Ana ɗora ta kan faffaɗan allo, ta tafi da kanta ta kwaso 'yan katakai ta kai wani lungu. Ummu Salma ba ta cikin masu gasa. Nata aikin, in an gama zagaye ta mayar da kowane katako mazauninsa kafin minti ɗaya ya cika. Sati guda ke nan tana zana allon da gawayi a tsakar gida, tana watsa marafan kwalba tana jerawa, tana ƙirga lokaci da baki. Tun rasuwar babanta wannan ne abu na farko da ya tashe ta daga tabarma ba tare da an kira ta ba.

Baba ya dubi takardar ya tambaya ko sammaci ne aka aiko mashi.

"Neman izini ne. Mace ba ta tafiya sai miji ya yarda, ko karatun naka ya zube tare da haƙora?"

Ya tambayi nawa za a biya ta. Ta ce ba a biya, riga ce kawai mai ruwan ɗorawa da abinci da wurin kwana. Ya gyara zama kamar wanda aka kawo wa nama.

"Wato ƙarfe ya watsar, ke ki bi shi kina tattarawa. Ni shekara nawa ina cewa ki miƙo mani buta, ba ki taɓa yi cikin minti ɗaya ba. An samu gwangwani mai taya, kin zama baiwarsa kyauta."

"Shi in ya zubar da abu ba ya cewa ni na ture."

"Yana salla?"

"Ba ya yi. Ba ya kuma gyangyaɗi a sahun gaba."

"To ki aure shi mana."

"Ina shawara. An ce in aka danna mashi sau ɗaya yana amsawa. Kai sai an yi sallama uku ka ce wa ke nan."

Daga nan ya koma kan mutanen garuruwa. Ya ce na'urar 'yan Faskari za ta tsaya a tsakiyar allo tana ciniki, ta 'yan Sabuwa kuma ba za ta motsa ba sai an dama mata fura. Ya ce in ta ga ta Ƙanƙara na shan kashi ta ɗan tura katako da ƙafa. Ta ce an gargaɗe su, mai aikin sa kai ba shi da gari, ko tafi ba a yarda ta yi wa na gida ba. Ya ce wannan ba zai yi mata wuya ba, dama ba ta taɓa goyon bayan na gida ba.

Sai ya murza carbi. Da ya sake magana muryar ta sauka.

"Yara sun iya koya wa ƙarfe ya bi hanya ya dawo lafiya. A kai su hanyar Mairuwa su koya wa manya."

Ta warware takardar. Ya miƙo babban yatsa ya ce ta kawo tawada ya dangwala ta tafi ta ba shi wuri, ya huta da ƙarar marafai. Ta ce ba dangwale ake so ba. Layi ɗaya ne ya rage, na ƙarshe, ta karanta mashi a hankali: suna da lambar wayar waliyyi, wanda za a kira idan wani abu ya faru. Gobe bayan azahar za su buga su ji daga bakinsa cewa ya yarda, kuma wayar ta zauna a kunne har a dawo. In ba a ɗauka ba, kujerarta a mota ta zama ta wata yarinya daga Damari da ke jira.

Hannuna ya tsaya cikin waken.

Waya ɗaya ce ta rage a gidan nan, ta Baba. Ni ban taɓa riƙe tawa ba, da ta marigayi nake amfani, ta kuwa tafi tare da shi ranar da masu garkuwa da mutane suka tare su a hanyar dawowa daga Mairuwa. Kwana goma sha tara ana kiran Baba a wannan wayar. Aka sayar da shanun noma, aka sayar da gonar da ke wajen Ketare, aka kai abin da suka ce. Kira na ƙarshe shi ne wanda suka gaya mashi ai tun kwana uku mutumin ya cika. Baba ya ce innalillahi, ya kashe wayar. Wata biyar ke nan. Na yi takaba na fita, ba a sake kunna ta ba.

"Rubuta ta liman," in ji Baba.

"Liman ne ya aure ni?"

"Ta mai shago. Ai ya fi ni saninki, kullum kina can."

Ta ce Malama ta hana. Bara wasu sun rubuta lambar ƙawaye, iyaye ba su ma san an tafi ba. Ya ce to ta sa ta baffanta Mas'udu. Ta ce Baffa Mas'udu yana Fatakwal kan babur, ba ya jin waya sai ya sauka, kuma wanda ke cikin gari ake so.

Sai ya ce wayar ta mutu. Ta ce caji take so. Ya ce gara ta cinye ta. Ta ce garar gidan nan ta fi shi haƙori amma ba ta kai nan ba. Ya ce ya jefa ta rijiya tun tuni.

"Tana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rigarka ta idi, a cikin safa. Ni ke share ɗakin, tsoho."

"Ashe ɓarauniya na aura."

"Da akwai abin sata da tuni na yi arziki."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye carbin a kan buzu, abin da ba ya yi.

"Sake karanta mani ƙarshen layin."

"Idan wani abu ya faru."

"Kin ji. Da hannunsu suka rubuta. Su ma sun san hanyar da za su bi da 'ya'yan mutane."

"Malama ta ce ko ciwon ciki ne. Ko mutum ya yi tuntuɓe."

"Ni ba a taɓa kirana don ciwon ciki ba."

Kaza ta zo ta tsaya kan zanen gawayin tana tsattsagar marafai. Ba wanda ya kore ta. Na ga Ummu Salma tana naɗe gefen takardar tana warwarewa, irin yadda babanta ke yi da hula in magana ta yi mashi nauyi. Ta gaya mashi da rana za a tashi, motoci uku a jere, ba a tsayawa. Ya ce babanta ma da rana ya tashi. Ta ce zaman gida ma ai ba tsari ba ne, su Laraba maƙwabtanmu a cikin ɗakinsu aka iske su aka tafi da su. Ya ce wannan Allah ne ya kawo, wancan kuwa mutum ne ya kai kansa, don ya jera wa gwangwani katako.

"To da ka kashe wayar, wa ya dawo?"

Na so in tsawata mata, amma tsakanin kaka da jika ba wurin shigata ba ne. Baba ya dube ta.

"Yau kuma da wuƙa aka zo gaishe ni."

"Ba wuƙa ba ce." Ta sunkuyar da kai. "Da suka ba babana waya suka ce ya kira nasa, ba ta Baffa ya buga ba, ba ta liman ba. Taka ya buga, ita ce a kansa. Ni ma ita ce a kaina. Tun ranar Laraba takardar nan take hannuna, da na so da na rubuta na miƙa, su yi ta bugawa. Ban rubuta ba. In wani abu ya same ni, ko ciwon cikin ne, ba na son a juya takarda a ga ba ni da kowa."

Ta goge hanci da bakin hijabi, ta ƙara da cewa, ko da tsoho ne mai tari.

Baba ya juya fuska wajen katanga. Ba ya yi mani magana kai tsaye, sai dai ya yi da iska in ji. Ya tambayi iskar ko uwar yarinya ba ta da baki ne. Na ce abin da Baba ya yanke shi ne. Ya ce ai kullum haka ne, a bar wa tsoho yanka, alhali tun jiya ya ga takalmi sau-ciki an wanke an jingine a rana, kuma ya san ba amaryarsa ce ta wanke ba, don ba ta san inda sabulu yake kwana ba. Na sunkuya kan wakena. Gaskiya ya faɗa. An ce ba a hawa wurin allon da silifa, na aro takalmin a maƙwabta na wanke, ina wankewa ina roƙon Allah ya hana tafiyar in babu alheri, ina kuma roƙon kada ya hana.

Ya dafa katanga ya miƙe. Ummu Salma ta kai hannu za ta taimaka, ya ce ta bari, ba a gaban mata zai nuna tsufa ba. Ya shiga ɗaki. Muka ji ƙarar akwatin, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na gama waken na fara sake bin wanda na riga na tsince.

Da ya fito, safar tana hannunsa, ya riƙe ta nesa da jiki. Bai zaro wayar ba. Ya miƙa mata duka yana kallon wani wuri.

"Ga sadakinki, tun da kin dame ni. Kai wa mai caji. Kada ki kunna ta a gidan nan."

"Na gode, angona."

"Ban gama ba. Kullum in kin gama bautar gwangwani ki ari waya ki kira. Kada ki ba wani ya fara magana, ko Malamar ce. Muryarki nake son in fara ji."

Ta ce ta ji.

"Kuma ki canza mata kuka. Ki ce wa mai cajin ya cire wancan, ya sa ko mi ne ne. Kada in sake jin shi."

Ummu Salma ta riƙe safar da hannu biyu. Sai ta koma muryar wasan.

"Kukan jaki zan sa maka. In ta yi, ka san dangi ne ke nema."

Dariya ta kuɓuce mashi, gajeruwa, ta ƙare da tari. Ya koma kan buzu ya ɗauki carbinsa.

"Sa na jakin. Shi bai taɓa ce mani in kawo kuɗi, yaro yana nan lafiya ba." Ya ja carbi biyu ko uku. "Gobe bayan azahar kada ki je ko'ina, ki zauna nan kusa da ni. Hannun nan rawa yake yi. Ke ki danna, ni in yi magana."